Daren Majigi a Daura

Wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasa a Daura ce ta aiko mana cewa suna son karrama ɗaya daga cikinsu, wanda sunansa ya fara fitowa a matsayin darakta. Ba lambar yabo suka shirya ba shi ba. Fina-finansa uku na farko suke so a haska a fili, a unguwar da aka ɗauki yawancinsu, kowa ya zo da tabarmarsa. Taro da kujeru da neman izini nasu ne. Namu shi ne kayan haskawa, da kuma gyara fina-finan yadda za su kallu a babban allo, kuma wannan na biyun shi ya cinye mafi yawan lokacin.

Daga Kano muka ɗora kaya: majigi mai hasken lumen 3,500, laftof, lasifika biyu masu amfilifaya a jikinsu, ƙaramar mikisa ta haɗa sauti, makirfo biyu, janareta mai 2.5 kVA, UPS (akwatin batir mai riƙe wuta in ta yanke) mai 1,000 VA, wayar wuta mai kaurin 2.5 mm tsawon mita 30, farin yadi, baƙin tamfol, igiya, da had-dis biyu sababbi. Hanyar ta Dambatta da Kazaure take bi, awa biyu da 'yan kai in ba a samu tsaiko ba. Majigi ba ya zama a but tare da janareta. A cinya ake riƙe shi, cikin jakarsa, jakar kuma cikin leda, domin ƙwan fitilarsa da madubin ciki ba sa son jijjiga, ƙurar hunturu kuwa duk inda iska ta shiga tana biye. Janareta kuma a rufe famfon mansa kafin a ɗora, in ba haka ba fetur ya yi ta ɗiga har warinsa ya kama yadin allo. Ranar taron ma sai da aka duba wata kafin a tsayar da ita: daga 20 ga watan Musulunci zuwa sama farin wata ba ya fitowa sai dare ya yi nisa, to a irin daren ne hoto ke fita sosai a fili.

Mun iske daraktan a wani shagon editin, ya baje abin da yake da shi a tebur: had-dis ɗaya naɗe cikin safa, mimori huɗu a kwalin ashana, da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Tambayar farko da ake yi wa mai fim ita ce ina masta, wato kwafin da ya fito daga kwamfutar edita kai tsaye kafin a matse shi. Fim na uku yana da masta. Na biyu yana cikin wannan had-dis ɗin da ke ƙara in an jona shi. Na farko babu, an goge mimorin an ɗauki biki a kai.

Wannan ba ciwonsa ba ne shi kaɗai. Tun daga fim ɗin Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, sana'ar fim ɗin Hausa ta sauya ma'ajiya sau da dama: kaset na VHS, sai faifan CD mai hoton 352 a 288 wanda ba ya ɗaukar fiye da minti 74 zuwa 80, sai DVD, sai mimori da wayar hannu. Kowane sauyi ya bar wasu fina-finai a baya. Wasu na farkon shekarun 2000 yanzu sai dai mutum ya ga hotunansu a tsofaffin kwafin mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999. Amma a ganina wanda ya fara fim bayan mutuwar kasuwar faifai ya fi na da shiga haɗari. Na da, ko mastansa ya lalace, akwai faifai da suka watsu daga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano zuwa gidajen mutane, wani na nan a ƙarƙashin gadon wata. Na yanzu fim ɗinsa kacokan yana kan had-dis guda, a ɗakin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa.

Da had-dis ɗin muka fara. In had-dis yana ƙas-ƙas, kowane jonawa na iya zama na ƙarshe, don haka ba a yi masa jona-cire don a ga ko zai tashi. Abin da ake fara sauyawa kebul ne, a sa gajere mai kauri, domin sau da yawa wutar da ke isa gare shi ce ta yi kaɗan, ƙaramin had-dis kuwa duk abincinsa ta wannan kebul ɗin na USB yake zuwa. In kwamfuta ta tambaya ko a yi fomatin, amsar a'a ce, ko sau nawa ta tambaya. Da sauya kebul bai wadatar ba, sai aka ɓalle kwandon roba aka fito da ainihin had-dis ɗin aka jona shi ta wata adafta ta SATA. Wannan ba ya yiwuwa da kowane iri, domin wasu an haɗa bakin USB ɗin da jikinsu tun daga kamfani. Namu ya buɗe. A nan ne mutane ke yin asara: su zaɓi folda gaba ɗaya su ce a kwafa, had-dis ya mutu a tsakiyar hotunan suna. Fayil mafi muhimmanci ake fara ɗauka, shi kaɗai. Mastan fim na biyu giga 6 ne, ya fita lafiya, duk da ya yi ta tsayawa yana ci gaba. Ɗanyun ɗauka kuwa, wato hotunan da ba a yi wa editin ba, waɗanda kyamarar Canon 600D ke yankawa giga 4 giga 4, kimanin minti 12 kowanne, wajen kashi ɗaya cikin uku sun ƙi karantuwa. An bar su.

Fim na farko sai da aka yi cigiya. Kwafin da aka fara samu a wurin wani mai tura fina-finai yake, hoton 320 a 240, mega 40 kacal na minti 18, ga lambar wayar shagon tana yawo a ƙasan hoto. Fim ɗin da ya bi ta waya zuwa waya, kowa yana matse shi don ya shiga mimorinsa, kunu ne da aka yi ta ƙara wa ruwa. A allon da faɗinsa ya kai mita 3, kowane ɗigon wannan hoton zai kusa santimita guda, fuskar mutum ta zama tubali-tubali. Dabarar ita ce a tambayi duk wanda ya fito a fim ɗin, da 'yan uwansa, domin ranar da aka gama editin kowa ya karɓi kwafi daga kwamfuta kai tsaye. A tsohuwar wayar ƙanen wata 'yar wasa aka samu mai 640 a 360, babu lambar kowa a jiki. Ana gane wanda ya fi ta hanyar buɗe shi a manhajar kallo ta VLC a danna Ctrl da J a ga girman hoto, sannan a raba nauyin fayil da yawan mintuna: wanda ya fi mega a kowane minti shi ya fi kusa da asali. Kuma in za a karɓa, ta kebul ko Xender za a karɓa. In aka tura shi a matsayin bidiyo ta WhatsApp, an sake matse shi ke nan.

Sauti ya fi hoto ba da wahala, kuma shi ke tayar da taro. Mutane za su jure hoto mai hazo, amma in ba sa jin magana sai hira ta ɓarke. A fim na farko baki da murya suna rabuwa a hankali, zuwa minti na 15 murya ta riga baki da kusan rabin sakan. Dalili shi ne wayar hannu ba ta riƙe adadin hoto ɗaya a kowane sakan, in haske ya ragu sai ta rage, manhajar editin kuma ta ɗauka daidai yake tafiya. Da a ce an bi da ɗanyun ɗaukar ta manhajar HandBrake an tsayar da su a hoto 25 ko 30 a sakan kafin editin, da hakan bai faru ba. Tun da ya riga ya shiga jikin fim ɗin, sai aka yanka sautin fitowa-fitowa aka matsar da kowanne wurinsa. In da tazarar iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe, maɓallan J da K na VLC sun isa, kowane dannawa yana matsar da sauti kashi 50 cikin 1,000 na sakan.

Na fim na biyu ya fi ban mamaki. A iyafis magana ras take fita, amma da aka haɗa ta mikisa sai kiɗa kaɗai ya rage, muryoyi suka ɓace. An ɗauki maganar da makirfo mai baki uku aka jona shi da kyamara ta kebul ɗin da bai dace ba, sai ɓangaren hagu da na dama suka zama kishiyoyi, ɗaya na turawa ɗaya na ja. In aka haɗe su wuri guda, sai su kashe juna. Maganin ba shi da tsada: a ɗauki ɓangaren hagu kaɗai a aika shi lasifika biyun. Wanda bai gwada sauti da ainihin lasifikan da zai yi amfani da su da rana ba, a gaban jama'a zai gano wannan.

A nan ne muka ɗan yi ja-in-ja da mai fim ɗin.

"Malam, nan wurin makirfo ya leƙo ta sama, a yanke shi mana. Ga kuma inda yaron ya kalli kyamara."

"Kai ka ɗauka haka?"

"Ni ne, amma lokacin ban iya ba."

"To ai shi za a zo kallo."

Ƙa'idar da nake bi ita ce a gyara abin da ajiya da kwafe-kwafe suka ɓata, a bar abin da hannun mai fim ya yi. Sautin da ya zame, hoton da aka miƙe har mutane suka yi faɗi, lambar shagon turawa, duk a gyara. Makirfo da ya leƙo, fitowar da ta yi tsawo, fitilar da ke rawa, a bar su. In aka sake yanka fim ɗin farko da ilimin yau, aka shafa masa launi, an samu fim na huɗu, kuma ba shi aka tara mutane su gani ba. Abu ɗaya muka yarda a taɓa nan gaba: kiɗan da ya ɗauko daga wani fim na waje ya sa a ƙarƙashin fitowa biyu. A fili za a bar shi, amma in za a ɗora a YouTube dole a sauya, a kuma rubuta a farkon fim cewa an sauya.

Da la'asar aka zaga da mu wuraren da aka yi ɗauka. Mun bi ta ƙofar fada, muka leƙa rijiyar Kusugu, wadda yanzu take cikin gini, inda labarin Bayajidda da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a ya samo tushe. A garin nan aka binne Mamman Shata a 1999, kuma abin da ya rage mana na waƙoƙinsa ya rage ne domin wani ya naɗa ya ajiye. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina lungunan da ke bayan gidajen ƙasa ne. Ganin wuri da ido kafin ganinsa a allo yana nuna abin da darakta ya zaɓa da abin da ya kauce wa. Wani lungu da ya fito da faɗi a fim na farko, ashe mutum biyu ba sa jerawa a cikinsa. Ya sa kyamarar ƙasa-ƙasa ne ya bar katangar hagu ta cika rabin hoto. Kuma duk fitowar waje da safe ya ɗauke su kafin ƙarfe 9, ko bayan 4:30 na yamma, lokacin da rana ke bugun katanga daga gefe, jar ƙasa ta mayar da haske a fuska. Ba shi da fitila ko ɗaya a lokacin, katangar ce fitilarsa.

Maganar izini 'yan ƙungiya sun riga sun yi nisa da ita: hedimastan firamaren da za a yi amfani da filinta, ofishin 'yan sanda na yankin, da 'yan sintirin unguwa. Saura gaisuwar mai unguwa, wadda aka tafi da mu.

"Ranka ya daɗe, fina-finan yaron nan ne za mu haska bayan Isha."

"Madalla. Akwai rawa a ciki, samari?"

"Na ukun akwai waƙa biyu, ranka ya daɗe."

"To ku bar shi ƙarshe, in iyaye mata da yara sun tashi. Kuma a raba wurin zama."

Sharaɗin nasa ya zo daidai da tsarinmu, domin dama bi da bi za a haska su yadda aka yi su.

Allon da ya fi kowanne shi ne katangar aji da aka shafa wa farin fenti marar ƙyalli, amma katangar makarantar duk tagogi ne, sai muka koma ga yadi. Allo mai faɗin mita 4 tsawonsa mita 2.25 ne. Farin yadi mai faɗin mita ɗaya da rabi ba ya isa, sai an haɗa biyu, yadi 9 ke nan da ɗan rara. A gaya wa tela ya sa cikakken faɗin a sama, guntun a ƙasa, domin in ɗinkin ya faɗo tsakiya a kan fuskokin 'yan wasa zai riƙa ratsawa. Baƙin tamfol a baya yake zama, don kada haske ya zarce ya ɓata, kada kuma fitilar babur daga baya ta shigo hoto. An ɗaure shi a jikin baranda ta kusurwa huɗu da tsakiya, ƙasansa mita 1.3 daga ƙasa don kawuna su kauce. Majigin namu yana buƙatar nisan da ya ninka faɗin allo sau ɗaya da rabi, wato mita 6. Wannan lissafin kowane majigi da nasa, yana rubuce a takardarsa. Tabarmin yara daga mita 4 suka fara, kujerun ƙarshe kuma ba su wuce mita 13 ba, kimanin tsawon allo sau shida. Maza a dama, mata a hagu da tasu mashiga da fitila, igiya a tsakani.

Lasifika a gefen allo suke zama, sama da kan mai tsaye, suna kallon jama'a. Masu kiɗan biki sun saba kai ɗaya baya, amma a fim hakan yana raba murya da fuska. Sauti mita 340 yake tafiya a sakan, don haka na kujerar ƙarshe ma yana jin magana da ɗan jinkirin da ba ya damun kowa, muddin daga wajen allo take zuwa. Laftof kusa da majigi yake zama da gajeren kebul na HDMI, domin dogo, daga mita 10 zuwa sama, yakan riƙa ɗauke hoto. Wayar sauti ce ake ja da tsawo. A kuma shiga saitin sauti a zaɓi mafitar iyafis, in ba haka ba HDMI ya kwashe sautin ya kai ɗan lasifikan cikin majigi.

Lissafin wuta: majigi wat 300, laftof 65, lasifika biyu wajen 400 in an buɗe su, ƙwayayen fitila huɗu 60. Duka bai kai wat 900 ba, ƙasa da rabin ƙarfin janaretan, kuma haka ake so, domin janaretan da aka cika wa kaya muryarsa hawa da sauka take, hasken majigi ya bi ta. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, sai aka kai shi kudu maso yamma, bayan wani aji, hayaƙi da ƙara su yi gaba. Wayar mita 30 a warware ta duka, domin wadda aka bari a naɗe zafi take ɗauka. Awa uku yana shan kimanin lita 4, mun cika tanki muka ajiye galan a nesa, kuma ba a ƙara mai yana kunne. UPS tsakanin janareta da majigi yake shiga. Amfaninsa ba don fim ya ci gaba ba ne, don fankar majigi ta samu minti biyu ta huce ƙwan ne in wuta ta yanke, domin ƙwan da aka kashe da zafinsa kwanansa raguwa yake. Wasu ƙananan UPS ba sa karɓar wutar janareta, sai su yi ta komawa batir har ya ƙare, don haka shi ma da rana aka gwada shi.

Ƙarfe 8 da 'yan mintuna aka kashe fitilu. Fim na farko mun rage girmansa zuwa faɗin mita biyu da rabi, hoton ya tattaru ya yi kyan gani. Labarin yaro ne da aka aika ya kai akuya kasuwar Mai'adua, ta kuɓuce masa a hanya. Minti 18, kusan babu kiɗa, kyamara kullum daidai tsawon yaron, manya kuwa sau da yawa daga ƙirji zuwa ƙasa ake ganinsu. Ya ce rashin abin ɗora waya ne ya sa yake zama a benci ya dafe gwiwar hannu. Ko ma mene ne dalili, ya lura abin yana aiki ya riƙe shi har ƙarshe, kuma wannan lurar ita ce aikin darakta. Filin ya kaure da ihu duk lokacin da aka ga ƙofar gidan wani, wanda ya sa muka ƙara sauti fiye da yadda muka saita.

Na biyu minti 52 ne, kan uwar da ke haɗa kayan ɗakin 'yarta da kuɗin adashe, uwar adashen kuma ta shiga matsala. Kurakuransa a fili suke. Ya samu kyamarar haya da gilashin 50 mm, ya buɗe shi har ƙarshe don baya ya yi hazo, sai ga hanci ya fito tar ido ya dushe duk lokacin da 'yar wasa ta motsa. Fitowar dare kuma hasken ƙwai yana rawa, domin an bar kyamara a hoto 30 a sakan alhali wutarmu mai zagaye 50 ce. Da ya sa 25 da saurin ƙiftawa 1/50, da rawar ta tsaya, in dai janaretan wurin ɗauka yana tafiya daidai. Duk da haka shi ne mafi kyau a cikin ukun, da nisa. Akwai fitowar da uwar ke zaune a tsakar gida tana jera kwanuka da samiru tana ƙirgawa, ta kwashe ta sake jerawa ko za su yi yawa a ido, minti uku ba yanka ba kiɗa. Ɓangaren mata tsit ya yi. Maganar 'yan wasan kuma irin ta gidajen Daura ce, ba a gyara wa kowa baki ba.

A tsakiyarsa ne aka samu matsala biyu. Wani gurnani ya taso a lasifika bayan an mayar da cajar laftof. Gwajin sauƙi ne: a zare caja, in gurnanin ya ɗauke to ita ce. Maganin dindindin shi ne ƙaramin akwatin raba layin sauti tsakanin laftof da mikisa, na gaggawa kuwa a bar laftof a kan batir, a yi caji lokacin hutu. Sai kuma iska da ta taso wajen ƙarfe 9 ta riƙa kumbura tsakiyar yadin, hoto yana shiga yana fita. Gora biyu aka gicciya a bayan tamfol aka ɗaure, ya lafa.

Kafin na uku aka kunna fitilu aka ba shi makirfo. Wani ɗan sakandare ya tambayi irin wayar da aka yi fim na farko da ita, wani malami ya tambayi dalilin da bai sa waƙa a na biyu ba. Wani dattijo ya ce rabonsa da kallo a fili tun majigin da ake kawowa ƙofar fada suna yara, ana nuna noman auduga da tsabta. Sai tsohuwar da ta fito a kakar yaron mai akuya ta karɓi makirfo.

"Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Amma kazata da kuka yanka a wasan nan har yau ban ga kuɗinta ba."

"Gwaggo, gobe da safe in sha Allahu."

"Haka ka ce waccan shekarar."

Na uku awa ɗaya da minti 10 ne, da kuɗin wani furodusa aka yi shi don YouTube. Hoto tsaf, sauti tsaf, akwai ɗaukar sama ta jirgi marar matuƙi, akwai falo mai kujeru na alfarma, 'yan wasa biyu daga Kano, waƙa biyu. Babu abin da za a gyara a cikinsa, kuma shi ne wanda wani darakta daban zai iya yi. Kyamarar ta tashi daga tsawon yaro ta koma tsawon kowa, an cika kowane shiru da kiɗa, maganar ma ta koma irin wadda ake ji a kowane shiri. Ban ga laifinsa ba, domin tun da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara a 2014, da kuma YouTube suka zama kasuwa, mai kuɗi irin abin da ya ga yana tafiya yake nema. Amma amfanin jera ukun a dare ɗaya ke nan. Akwai fitowa ɗaya a ciki, inda mai gadi ke cin abinci a bakin get yana sauraron rigimar masu gida ta taga, wadda duk wanda ya ga na biyu zai gane hannun wanda ya yi ta. Wajen ƙarfe 11 aka tashi. Majigi sai da fankarsa ta tsaya da kanta kafin a zare waya, kuma ba a rufe shi da zane yana aiki da sunan kare ƙura, domin hanyar iskarsa ake toshewa. Da safe aka ciro soson tace iskarsa, dare ɗaya ya mayar da shi ja.

Aikin ƙarshe a shagon editin aka yi shi. Kowane fim ya samu foldarsa: kwafin da aka samo yadda yake ba a taɓa ba, kwafin da aka gyara, ɗanyun ɗaukar da suka tsira, da ɗan rubutu mai bayyana inda aka samo shi da abin da aka gyara. An kwafe duka a sababbin had-dis biyun, ɗaya a hannunsa, ɗaya zai zauna a Katsina wurin wani ɗan uwansa, domin biyu a ɗaki guda gobara ɗaya ko ɓarawo ɗaya ya ishe su. Kwafi na uku a intanet, a ɗora shi a matsayin fayil. YouTube ba ma'ajiya ba ce, matse fim take, kuma tashar na ukun ma ta furodusa ce, don haka muka ba shi shawara ya nemi rubutacciyar yarjejeniya da ta ba shi damar riƙe masta da haska shi a taro. Had-dis kuma a riƙa jona shi ko sau ɗaya a shekara a buɗe fayilolin, in ya kai shekara biyar a sauya.

Fim na farko ba shi da jerin sunaye ko kaɗan, sai "ƙarshe" kawai. Kafin mu kama hanyar Katsina, mai nisan kilomita kusan 80, 'yan ƙungiyar suka zauna da takarda suna tsayar da fim ɗin fuska-fuska suna rubuta sunan kowa, har da mai akuyar da wanda ya ara wayar. Sun samu kowa sai yara biyu da suka kora akuyar a bakin kasuwa, waɗanda aka yi ta gardama a kan ko 'yan Daura ne ko 'yan Mai'adua, aka bar gurbinsu a buɗe.